Barka Da Zuwa, Baba

Abin da ke cikin jakata ranar: waya biyu, ta aiki da ta gida. Kwalbar ruwa. Maganin ciwon kai. Hodar da Goggo ta cusa mini da hannunta. Da Magulmaciya.

Magulmaciya ba mutum ba ce. Na'ura ce baƙa, ba ta fi dutsen guga girma ba, da mariƙi irin na bindigar yara. Duk kayan da ya shigo siton Baba sai mun manna masa sitika a inda ido ba ya kaiwa, lambarsa na cikin sitikar. Da Magulmaciya ta matso kusa da kaya sai ta yi ƙara, ta rubuta sunansa a fuskarta. 'Yan dako ne suka raɗa mata sunan. Ban yi niyyar tafiya da ita ba. Daga sito aka kwaso ni, ko hannu ban wanke ba.

Yaya, babban wanmu, ke tuƙi. Goggo, ƙanwar Baba, tana gaba kusa da shi, amma rabin jikinta a baya yake, wajena.

"Sifeto, da wannan rigar za ki je?" in ji ta. Sifeto take kira na tun da na fara bincike a sito.

"Me ta yi?"

"Kalar siminti. Bawan Allah ya kama gida, ya yi fenti, ya ce ki zo ki gani, ke kuma kin taho kamar mai karanta mitar wuta."

Yaya ya yi dariya ta hanci. Riga ce mai aljihu huɗu, kuma ina son aljihu.

Wayar gida ta yi motsi. Mama ce: "In kin shiga ki yi murmushi. Kada ki leƙa bayan kaya." Ta aiki ma ta yi motsi. Shi ne, mai neman aurena: "Ranki ya daɗe, hawa na biyu, ƙofa mai ruwan ƙasa. Kada ki jingina da bangon hagu, bai bushe ba."

Bari in tsaya in gaya muku yadda aka zo nan, don na san wasunku yau suka fara karanta ni.

Na yi karatu nesa da gida, a kan yadda ake tafiyar da kaya daga mai ƙerawa zuwa mai saye ba tare da sun ɓace a hanya ba. Na dawo na tarar da siton Baba yana yoyo. Kayan gida yake sarowa: fankoki, firji, tukwane, injin markaɗe, dutsen guga, janareta. Makulli ɗaya ne da 'yan'uwansa da yawa, kowa na da kwafi a aljihu. Na ce a cire kwaɗo, a sa ƙofa mai karanta yatsa, a sa kyamarori, a manna sitika. Baba ya ce, "To, 'yar boko, yi abinki."

Kamfanin da muka ɗauka suka turo mana Injiniya. Abin da na fara lura da shi: yana karanta takardar bayani kafin ya kunce kwali. Na biyu: in ya gama aiki yana naɗe waya zagaye-zagaye, ya ɗaure, ya share ƙurar da ya zubar. Ku da kuke jiran in ce zuciyata ta buga, ku yi haƙuri. Ban san ko ta buga ba. Na dai san na riƙa ƙirƙiro matsalar kyamara don a turo shi.

Gida suka gane kafin ni. Ya zo ya gaida Baba, ya gyara wa Mama rimot, Goggo ta bincika danginsa har kakanni ta dawo ta ce babu tabo. Aka ce saura amsata. Na ce a ba ni lokaci. Aka ce to. Tun daga ranar kowa ke kallona kamar tukunyar da aka ɗora, ana jiran ta tafasa.

Ana cikin haka kaya suka sake fara ɓacewa, amma da wani salo da ban karanta a ko'ina ba. Ɓarawo kan kwashi abu ɗaya da yawa, wanda zai yi saurin shiga kasuwa. Wannan kuwa ɗaya-ɗaya yake ɗauka. Fanka ɗaya. Dutsen guga ɗaya. Jerin tukwane ɗaya. Ƙaramin firji. Injin markaɗe, ja. Daga baya janareta, babban. Na duba ƙofa, ta ce duk ranakun da rana tsaka aka buɗe ta, lokacin da nake fita cin abinci, kuma Baba ne ya buɗe.

Za ku ce to kyamara fa? Kyamarar ƙofar tana kallon bishiyar tsakar fili. Baba ne ya sa aka juya ta. Ya ce 'yar da ya haifa ba za ta zauna tana kallon shigarsa da fitarsa a waya ba.

Na same shi a ofis na ce, "Baba, ƙofa ta ce kai ne."

Ya gyara tabarau ya ce, "Ƙofa ta fara magana ke nan."

"Dama tana magana. Tana gaishe ka kullum."

"To ki gaishe ta."

Ya ɗauki waya ya kira wanda ba ya buƙatar kira. Haka Baba yake rufe zance.

Mun iso. Gini ne mai hawa uku, matakalarsa na warin fenti. Injiniya na tsaye a bakin ƙofa cikin farar riga da guga ta kama, akwai ɗigon fenti a bayan kunnensa da bai sani ba. Na gani. Na so in gaya masa. Na fasa.

"Sannunku da zuwa. Goggo, ina wuni? Yaya, sannu da hanya." Sannan ya dube ni. "Manaja."

"Injiniya."

"Ku ji su," in ji Goggo. "Kamar taron ma'aikata."

Yaya ya ce zai jira a mota, rana ta bugi kansa.

Falon ƙarami ne, tsaf. Labule ruwan toka, da alama wani ya lura da kalar rigunana. Kujera doguwa, leda ba a gama cire mata ba. Duk wayoyin wuta an bi da su jikin bango an lulluɓe, ko ɗaya ba ta reto. Akwai kanta ta littattafai, babu komai a kai.

"Ta littattafanki ce," ya ce, yana kallon ƙasa. "In Allah ya sa."

Masu karatu, a nan wani abu ya motsa mini a ƙirji. Ba zan ɓoye ba. Har na fara murmushin da Mama ta yi oda.

Sai jakata ta ce ƙit.

Na ɗauka waya ce. Na matsa kusa da taga, inda fanka ke tsaye tana juyi. Ƙit. Na nufi kicin. Ƙit, ƙit, ƙit.

"Mene ne ke kuka a jakarki?" in ji Goggo.

Na zuge jaka na fito da ita. Fuskarta na haske. Fanka. Jerin tukwane. Ƙaramin firji. Injin markaɗe, ja. Kowanne da lambarsa, kowanne da jan rubutu a gefe: ya ɓace daga sito.

Na ɗaga injin markaɗen na kifa shi. Ga sitikata a ƙasa, a karkace, yadda nake manna su in na gaji.

Fanka na ta juyi.

"Kashe abin nan," in ji Goggo a hankali. "Gidan mutane ne."

"Kayan mutane ne."

Na zagaya gidan duka, ɗaki, banɗaki, baranda, Magulmaciya a gaba ina biye. Dutsen guga na cikin kabad. Komai na nan, ban da janareta. Na dawo na tsaya a gabansa.

"Injiniya, kai ka sa mana ƙofar nan."

"Ni ne."

"Kai ka sa kyamarori."

"Ni ne."

"Na zauna da kai a ofis ina nuna maka abin da ya ɓace. Ka ce mini wataƙila sitika ce ta lalace."

Ya ce, "Baba ya ce kada in gaya miki."

"Baba ya ce ka saci kayansa?"

"A'uzubillahi!" Goggo ta dafe ƙirji. "Wace irin kalma ce wannan a bakin 'ya mace? Wa ya yi sata? Ɗauka aka yi."

"Goggo, na'urata gida uku gare ta: an sayar, ya lalace, ya ɓace. Ba ta da gidan ɗauka."

"To ki gina mata."

Na ce a koma sito, yanzu, da shi. A mota Yaya ya dube mu ta madubi ya ce, "Har an gama ganin gidan?" Injiniya na biye da mu a kan babur. Wayar aiki ta yi motsi a danja: "Ki bari in yi bayani." Wani saƙon nasa ya biyo: "Labulen ya yi miki?" Ban san wanne ya fi ba ni haushi ba.

Yamma ta fara yi da muka isa. 'Yan dako sun tashi. Baba na zaune a kujerar roba a bakin babbar ƙofa, yana shan iska. Da ya hango mu jere, ya hango Magulmaciya a hannuna, sai ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

Na ce, "Injiniya, buɗe ƙofa."

"Manaja..."

"Ba ka cikin masu izini. Ni na rubuta sunayen. Buɗe mu gani."

Ya dubi Baba. Baba ya dubi bishiya. Ya ɗora manuninsa a kan gilashin. Fitila ta koma kore, ƙarfe ya ja da baya, muryar matar da ke cikin na'urar ta ce da fara'arta:

"Barka da zuwa, Baba."

Goggo ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki da gefen mayafi.

Baba ya yi gyaran murya. Ga yadda abin ya faru, in ji shi. Ranar da ake ɗaukar yatsu, na'urar ta nemi biyu daga kowa, ko da ɗaya zai ji ciwo. Babban yatsansa ya shiga. Na biyun ya ƙi, don shekaru da ɗaga kwali sun goge zanen. An gwada, an sake gwadawa, ni kuma na fita amsa waya. Sai ya gaji ya ce wa Injiniya, "Sa naka, ai duk ɗaya ne."

"Duk ɗaya ne," na maimaita.

"To ba ɗana ba ne?"

"Baba, lokacin ko gaishe ka bai zo yi a gida ba."

"Ni na san inda abin zai je."

Na tambaye shi me ya sa ya bar ni ina farautar ɓarawo, ina tsare 'yan dako da tambayoyi, ina kwana da tunani. Ya ce ta yaya uba zai zauna da 'yarsa yana lissafa mata kayan gidan aurenta? Da wane bakin? Ya ce shi fanka kawai ya ce a ɗauka, da dutsen guga, don yaron ya ga alamar an karɓe shi.

"Tukwanen fa?"

"Ni ce," in ji Goggo. "Na ce masa babanki ya ce."

"Baba ya ce?"

"Da an tambaye shi zai ce."

Na kira Mama na sa kowa ya ji. Kafin in gama tambaya ta ce, "Firji da injin markaɗe ni ce. Jan na zaɓa, don ki riƙa ganin kala a rayuwarki. Kin yi murmushin?"

"Kin gaya wa Baba?"

"Na ce wa yaron babanki ya sani. Yanzu ba ga shi ya sani ba?"

Na dubi Injiniya. Ya buɗe hannuwa. "Kowa ya zo mini da sunan Baba. In ce wa wa a'a? In ce wa Mama ta kawo takarda?"

"Ka ce mini ni."

"Na so ki shiga gidan ki ga komai a shirye."

"Ban ce eh ba."

"Na sani."

"Kun sani duka?"

Goggo ta kama gyaran zobe. A wayar, Mama ta ce, "Ai ba ki ce a'a ba."

Gaskiyarta ke nan, kuma shi ya fi ruɗa ni. Ban ce a'a ba. Da Magulmaciya ta yi shiru a falon nan, wataƙila da yanzu ina rubuta muku wani labari daban. Ina tsaye ina neman wanda zan yi fushi da shi, kowa na kallona da fuskar wanda ya yi mini alheri.

Na ce, "Shi ke nan. Saura janareta. Wa ya ba da shi?"

Baba ya ɗago. "Wane janareta?"

"Babban. Wanda ke lungun dama."

"Ni ban ba da janareta ba."

"Ni ina zan kai janareta?" in ji Goggo.

"Ba ni ba ce," in ji Mama, muryarta ta sauya.

Duk muka juya kan Injiniya.

"Wallahi ban taɓa shi ba. Kin zagaya gidan da kanki. Ginin ma an hana kunna janareta."

"Ƙofa ta ce Baba ne ya buɗe ranar."

"Ba ni ba ne," in ji Baba.

"Ba ni ba ne," in ji Injiniya.

Yaya na jingine da mota, hannuwa cikin aljihu. Ya ce, "Ni dai direba ne yau."

Na ce wa Injiniya ya ba ni lambar sirrin ƙofar, ta masu gyara, wadda ke shiga cikin cikinta. Ni tawa ta duba shige da fice ce kawai. Ya sosa bayan kunne, daidai kan fentin.

"Ranar haihuwarki ce."

"Me?"

"Rana, wata, shekara."

"Ayyo," in ji Mama daga waya. "Ya gaya mana ranar da ya zo gyaran rimot. Har na ce wa yayanki, ka ga so."

"Ya gaya muku. A falo."

"Kowa ya ji daɗi."

Na yi karatun tsare kaya shekara da shekaru. An koya mini ɓarawon dare, da direba mai sauke kwali a hanya, da ma'aikacin da ke sauya lamba. Babu malamin da ya taɓa ce mini in yi hattara da mutanen da ke ƙaunata.

Na tsaya a gaban na'urar, na ba su baya, na danna ranar haihuwata. Ta buɗe. Na nemo sunan Baba.

Yatsu uku.

Na sake dubawa. Na ɗaya da na biyu rana ɗaya aka sa su, ranar da aka kafa ƙofar. Na uku an ƙara shi daga baya. Sau ɗaya tak ya taɓa buɗe ƙofa, ranar da janareta ya fita.

Ban juya ba. Na ce, "Baba, ɗora yatsanka." Ya ɗora, na ɗaya ya haska. "Injiniya." Ya ɗora, na biyu ya haska. Na uku ya zauna a duhu.

Tunani ya zo mini in ce kowa ya jera yatsunsa. Amma mutum yatsu goma gare shi, kuma wanda ya iya ƙara ɗaya ya iya ɓoye hannu. Injiniya ya fi kowa sanin na'urar. Lambar kuwa duk gidanmu sun haddace ta tun ina zanen goyo. Janareta ba ya ɗaukuwa da mutum ɗaya. Na dubi farar rigar Injiniya a cikin gilashin na'urar, na tuna kantar littattafan, na tuna bakin nan nasa da ya ce mini sitika ce ta lalace ko ƙiftawa bai yi ba. Wanda ya iya wannan don ya faranta mini, me kuma ya iya?

Ko kuwa bai iya komai ba, kawai mutum ne da bai san yadda ake ce wa manya a'a ba. Shi ma wannan, mijin aure ne?

Ban sani ba. Kada ku tambaye ni a ƙasan rubutun nan, ban sani ba.

Na goge na biyu. Na sauya lambar sirri. Na uku na bar shi yadda yake.

Na juyo na ce, "Na goge yatsan Injiniya. An gama."

"Alhamdu lillahi," in ji Goggo. "To maganar amsa fa? Tunda an wanke yaro?"

"Gobe kayan nan duka su dawo. Ta ƙofar nan, ta gaban Magulmaciya, ɗaya bayan ɗaya."

"Kayan gidanki?"

"Kayan sito."

Injiniya ya ce, "Zan kawo su da kaina." Ya ƙara da cewa, "Labulen nawa ne. Da kantar."

"Na sani. Ba su yi ƙara ba."

Ya kusa yin murmushi. Ni ma, kuma na ji haushin kaina.

Na ce su tafi, ina da aiki. Baba ya miƙe yana cewa 'yar boko ta ɗauki abu da zafi. Yaya ya tayar da mota tun kafin Goggo ta gama shiga. Injiniya ne ya fita ƙarshe, yana tura babur ɗinsa da hannu har bakin titi, kamar mai gudun tada wani daga barci.

Da filin ya zama babu kowa, na jawo tsanin 'yan dako na jingina da bango. Na hau da rigata mai aljihu huɗu, na kama kyamarar da ke kallon bishiya, na murɗo wuyanta har ta fuskanci ƙofa. Baba zai yi faɗa in ya gani. Ba ya ɗaga kai sama, zai daɗe bai gani ba.

Wayar aiki ta yi motsi: "Ko me kika yanke, na gode da kika zo." Na karanta, na mayar aljihu.

Na shiga sito, na ja ƙofar har ƙarfen ya faɗa gurbinsa. Matar cikin na'urar ta ce, "An kulle."

Mai yatsa na uku ya ji da kunnensa, ko za a gaya masa, cewa an gama. Zai dawo. Ba zan ce wa Injiniya eh ba, ba zan ce masa a'a ba, sai ranar da ƙofar nan ta sake cewa barka da zuwa, Baba, na ga fuskar wanda ya amsa.